Sankarar mama a ƙuruciya: abin da takardar gwaji ke faɗa

'Yar'uwa, kin ce an tabbatar wa ƙanwarki mai shekara 31 sankarar mama, kuma kin ji ana cewa ta masu ƙananan shekaru ta fi muni. Allah Ya ba ta lafiya. Ina da 33 aka gano tawa, yau shekara 6 ke nan, shi ya sa na kasa wucewa ban tanka ba.

Ba zan rufe ki ba, maganar tana da tushe. A matan da ba su kai 40 ba, ƙarin ya fi yawan zuwa da ƙwayoyi masu saurin yaɗuwa, kuma sau da yawa kafin a gano shi ya riga ya girma ko ya taɓa kaluluwar hammata. Wani ɓangare na wannan jinkiri ne kawai. Ni ina shayarwa na ji ƙullutu kamar ƙwallon dabino a gefen hagu, ba zafi, ba ya motsi. Inda na fara zuwa aka ce nono ne ya daskare. Wata biyar na ɓata a kan wannan magana. Ga shi naman maman yarinya yana da kauri, hoton mamogiram ba ya nuna komai sosai, sai da aka yi sikanin aka ɗebi tsoka sannan gaskiya ta fito.

Amma ki bar batun shekaru tukuna, ki nemo takardar gwajin tsokar. Ki duba lambar zafin ƙwayoyin, daga 1 zuwa 3. Sai haruffa uku: ER, PR da HER2, wato alamomin da ake dubawa a ƙwayoyin ƙarin ko akwai ko babu. Su ne ke faɗa wa likita irin abokin gabar da zai yaƙa. Idan ER ya fito akwai, ƙarin yana cin abinci ne daga sinadarin mata na istirojin, don haka ana toshe shi da maganin tamoxifen na shekara 5 zuwa 10, wasu har da allurar kwantar da ƙwan mace. Tawa ke nan. Irin wannan yana da ladabi da farko, sai dai yana iya dawowa ko bayan shekara 15, kuma a nan ne ƙuruciya ta fi zama matsala, musamman ga wadda ta gaji ta ajiye maganin. Na san gajiyar: zufa cikin dare har zani ya jiƙe, ciwon gwiwa kamar tsohuwa. Ban ajiye ba.

Idan HER2 ne ya fito akwai, a da labari ne mara daɗi, amma tun da aka amince da maganin trastuzumab a 1998 abin ya sauya ƙwarai. Galibi shekara ɗaya ake yi ana karɓa. Idan kuma duka ukun suka fito babu, wanda ya fi samun matasa fiye da manya, kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, shi ne babban makami. Irin wannan ƙarin yana da zafi, amma sau da yawa yana jin kemo sosai, kuma haɗarin dawowarsa ya fi yawa ne a shekara 3 zuwa 5 na farko, daga nan ya ragu.

Abu biyu ta tambaya kafin ƙarin ruwan kemo na farko ya shiga jikinta, don ni sai daga baya na sani. Haihuwa: kemo na iya tsayar da al'ada, wani lokacin ba ta dawowa, kuma ana iya adana ƙwai ko a yi allurar kare shi, amma kafin a fara. Sai gwajin BRCA1 da BRCA2, wato na gano ko ciwon na gado ne, tunda a shekarunta ya dace a yi. Wannan ya shafe ki ke ma, da sauran 'yan'uwanku mata.

In kin samu takardar, ki rufe sunanta ki rubuto mana abin da ke gaban haruffan ukun da girman ƙarin, sai in taya ku tsara tambayoyin da za ku yi wa likitanta.