Inji ko dambel: amsa ga mai tambayar ƙwanji

Salamu alaikum jama'a. To ƙanina, kai da ka yi tambaya jiya da daddare, wai ko injinan jim suna da amfani wajen gina ƙwanji, ko kuwa dambel, wato gajeren ƙarfen ɗagawa na hannu ɗaya, da sanda, doguwar da ake kamawa hannu biyu, sun fi. Na ji amsoshin da aka ba ka, wannan ya ce inji na ragwaye ne, wancan ya ce shi ne na zamani. Ni dai yadda na fahimce ka, ka daɗe kana ɗaga ƙarfe hannu ya ƙi motsi, shi ne kake tunanin ko in ka biya kuɗin wata a wurin da ke da injina za a dace. In haka ne, riƙe kuɗinka tukuna, ka saurara.

Ƙwanji manyan ayyukansa biyu ne, ya lanƙwasa gwiwar hannu, ya kuma juya tafin hannu ya kalli sama. Kai biyu gare shi, dogo da gajere, duk daga ƙashin kafaɗa suka taso, suka haɗu a jijiya guda da ta kama ƙashin hannu ƙasa da gwiwa kaɗan. Naman nan bai san inji ba, bai san siminti ba, nauyin da ya ja shi kawai ya sani. Bambancin da ke akwai shi ne a wane wuri nauyin yake kama ka.

Dambel ƙasa kawai yake ja. In kana tsaye hannu a miƙe, ƙwanji hutawa yake yi, nauyin a rataye yake. Da ka fara ɗagowa abin na ƙara wuya, har hannu ya kwanta daidai da ƙasa, nan ne ƙarshen wahala. Daga nan zuwa kafaɗa kuma sai sauƙi, a can sama ma ƙashi ne ke riƙe da ƙarfen. Ka ga ke nan tsakiya ce ke shan aiki, farko da ƙarshe kusan kyauta ne. To wannan giɓin ne inji yake cikewa. Na kebul, wanda waya ke bi ta kan 'yar taya, yana jan ka tun daga ƙasa har sama ba sassauci. In ka juya masa baya, ka bar hannu ya ɗan koma bayan jiki, sai ya kama ƙwanjin a miƙe, wurin da dambel ɗin tsaye ba ya taɓawa sam. Na zama kuma, mai matashin ɗora damtse, akwai wani faifai a gefensa wanda ba kewayayye ba ne sosai, shi ke rarraba nauyin. Arthur Jones ne ya yaɗa wannan dabarar da injinansa na Nautilus a shekarun 1970. Amfanin injin na biyu, ya ɗaure ka, ba halin ka yi ha'inci da ƙugu.

Ai ha'incin nan shi ne ciwon. Wallahi abin na ba ni haushi. Za ka ga yaro ya loda wa sanda kilo 40, ya sunkuya, ya wurgo ta da ƙugu, ya gantsare baya, gwiwar hannu ta yi gaba, sanda ta faɗo kan ƙirji, abokai na ihu saura biyu, saura biyu. Saura biyun me? Bayansa da gaban kafaɗarsa ne suka ɗaga, ƙwanjin rakiya ya yi. Wajen saukewa kuma sai ya sake ta ta faɗo, alhali saukewar nan rabin aikin ce. Bayan wata shida ya zo yana cewa shi jininsa ba na girma ba ne, ko a ba shi sunan garin sha ko allurar ƙara tsoka. Ga ciwon baya ya samu a banza. Kuma in ka yi magana a ce kana baƙin ciki da ƙarfinsa. Duk mai musu ya jingina da bango, ƙeya da baya da ɗuwawu su taɓa, gwiwar hannu ta manne da haƙarƙari, ya ɗaga kilo 40 ɗin sau goma mu gani. Yawanci sai an sauke kusan rabi. Wanda ya rage ɗin nan shi ne ainihin nauyinka, daga nan za ka fara lissafi.

Af, na yi nisa. Inji muke magana. Shi ma yana da nasa matsalolin, kuma masu jim ba sa gaya wa mutane. Akwai ƙusar da hannun injin ke juyawa a kanta, dole gwiwar hannunka ta yi saiti da ita. In kujera ta yi ƙasa, kafaɗa za ta ɗage, in ta yi sama za ka kifa a kan matashin, wuyan hannu ya riƙa karyewa, bayan sati biyu ka ji gwiwa na zogi. Daidaita kujerar har hammata ta zauna a bakin matashin, bayan damtse ya kwanta gaba ɗaya. In ka gwada duk ramukan bai yi saiti ba, injin ba na tsawonka ba ne, bar shi. Sannan lambar da ke jikin farantan nauyin injin kar ta ruɗe ka, 30 a wannan injin ba 30 ba ce a wancan, ya danganta da yawan tayoyin da wayar ta bi. Ga ƙurar harmatan, in ba a goge sandunan da farantan ke hawa ana sa musu mai ba, sai su riƙa cijewa, ɗagowa ta yi nauyi, saukewa ta yi sakwat, an juya maka aikin ke nan. Kuma yawancinsu hannu biyu ake kamawa, mai ƙarfin ya riƙa ɗaukar ragon ba ka sani ba, ga shi ba ka juya tafin hannu, ɗaya daga ayyukan ƙwanjin ya tafi.

Da na ce dambel ba ya kama ƙwanji a miƙe, na tsaye kawai nake nufi. Kwantar da benci zuwa wajen digiri 45 ko 60, ka jingina, ka bar hannuwa su rataya ta baya, ka ɗago ba tare da gwiwa ta yi gaba ba. Wannan yana miƙa dogon kan sosai, mai ɗaga kilo 14 a tsaye zai koma 8 ko 10. Haka bencin ɗora damtse, wanda ake kira da sunan Larry Scott, mutumin da ya fara cin gasar masu gina jiki ta Mista Olimfiya a 1965, shi da ƙarfe zalla wahalarsa a ƙasa take. Da benci mai kwanciya da dambel ka samu kusan duk abin da injin zai ba ka.

Amma a yi hankali da bencin Scott ɗin nan. Kar ka saki nauyi ya fizge hannu a ƙasa, kar kuma ka gwada ƙarfinka na sau ɗaya a kansa. Nan jijiyar ƙasa ke tsinkewa. Za ka ji ɗas, gaban gwiwa ya kumbura ya yi baƙi, naman ya tattare ya hau sama wajen kafaɗa, juya mabuɗi ma ya yi wuya. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne, ba ƙashi ne ya karye ba. Asibiti, wajen likitan ƙashi, cikin satin nan, don ɗinkin ya fi sauƙi a makonni biyu zuwa uku na farko kafin jijiyar ta janye.

Ga abin da za ka yi. Sau biyu a sati, kwana biyu ko uku a tsakani. Ranar farko sanda, zagaye 3, kowane zagaye ka ɗaga sau 8 zuwa 10 sannan ka huta, in miƙaƙƙiyar na sa maka ciwon wuyan hannu ka ɗauki mai lanƙwasa. Sai na bencin jingina, zagaye 3, sau 10 zuwa 12. Rana ta biyu riƙon guduma, wato babban yatsa na kallon sama, zagaye 3, shi ke gina tsokar da ke ƙarƙashin ƙwanji, wadda ke turo shi waje. Ka ƙarasa da kebul ko inji in akwai, sau 12 zuwa 15, zagaye 3. In babu, kama ƙarfen lilo tafin hannu na kallonka ka ja jikinka sama. Zagaye 12 ke nan a sati, ya isa, tunda ranar aikin baya ma ƙwanjin na shan nasa. Saukewa daƙiƙa biyu zuwa uku, hutu minti ɗaya da rabi zuwa biyu, ka tsaya saura ɗaya ko biyu ka gaza.

Ƙarin nauyi kuma kar ka yi gaggawa. Daga kilo 10 zuwa 12.5 ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu ne, ba wasa ba. Zauna a kan 10 har ka iya sau 12 ko 13 tsaf a duk zagayen, sannan ka hau, ka koma sau 8. Rubuta a waya, kar ka dogara da ƙwaƙwalwa. Masu na siminti da aka zuba a gwangwani, ku kai su kan sikeli, sau da yawa ɗaya ya ɗara ɗaya, shi ya sa hannu ɗaya ke fin ɗaya.

Abinci, mai kilo 70 ya nemi wajen giram 110 na furotin a rana, ƙwai ɗaya giram 6 ne, sauran a wake, awara, kifi, nono, gyaɗa. Kuma in kaurin hannu kake so, tsokar bayan damtse ta fi ƙwanjin girma, amma wannan wata magana ce, bari dai.

Injin ba laifi, in kana jim ɗin ka yi amfani da shi a ƙarshe. Amma biyan kuɗi don shi kaɗai, a'a. Sa wani ya ɗauke ka bidiyo ta gefe, ba ta gaba ba, zagaye ɗaya cikakke da nauyin da ka saba, ƙugu da gwiwar hannu su fito. Turo nan mu gani.