Tambayi Mai Gini: Tef, Ƙura da Gobara

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan tef, wanda mutanen nan suke kira shatartun. Shekara 23 ke nan ina aikin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da naɗe bututu tsakanin Jidda da Makka, kuma babu abin da na ga an raina a wurin gini kamarsa. Sai an gama kashe riyal dubbai a kan bulo da tayil, sannan a aiki yaro baƙala, wato kantin unguwa, ya sayo kowane iri ya samu. Na zaɓo wasiƙu huɗu.

Assalamu alaikum Malam. Muna haya a hawa na biyu a Rusaifa, ni da yara biyar. Mukayyif ɗinmu irin na taga ne, kuma ramin ya fi shi girma. Mun cusa kwali da tsumma a gefe, babban ɗana ya bi da shatartun mai ruwan toka. Bai yi wata biyu ba ya saki, ya bar baƙin danƙo a bango. Kullum ina sharar ƙura, faturar kuɗin wuta kuma sai hawa take yi. Wane iri zan saya? Daga wata Hajiya, Makka.

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ga laifin yaron, ya yi abin da ya ga manya suna yi ne. Wannan tef mai ruwan toka, mai zare a ciki kamar yadi, gam ɗinsa na roba ne. Zafin Makka yana narkar da shi da farko, ya yi yauƙi, daga baya ya bushe ya zama gari. Ba mu kaɗai ya ba kunya ba. A 1998 masu bincike a ɗakin gwaji na Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya sun jarraba nau'o'in abin liƙi a kan bututun iska, suna hura masa zafi da sanyi, kuma wannan ɗin ne ya riƙa saki tun ba a je ko'ina ba. Abin dariya, da Turanci sunansa ma tef ɗin bututun iska ne. Yana da kyau wajen ɗaure kwalin tsaraba in za a tafi gida, amma ban da bango.

Ki sa a cire tsumman da kwalin nan gaba ɗaya. Na sha zaro tsumma daga gefen mukayyif in tarar ya jiƙe, ya yi baƙi, kyankyasai sun yi gida a ciki, ga shi kuma yana goga wayar wuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kwali kuwa ba ya hana shi. A yanko farin soso mai tauri, irin wanda ake tallafe sabon firji da shi a cikin kwali, daidai girman ratar, a danna shi ya zauna ƙam. Tef ba ya cike rami, rufe baki kawai yake yi. Bayan haka a bi da tef na alminiyam, mai takarda a bayansa wadda ake ɓarewa, kuma ki ce wa mai shago kina son mai gam ɗin akirilik. Shi ne ke jure rana.

To amma inda kowa ke faɗuwa shi ne shara. Ƙurar da ba ki gani ta isa ta hana gam kamawa, domin ƙurar zai riƙe, ba bango ba. A goge da ɗanyen ƙyalle, a bari ya bushe, a sake gogewa da sifirit. Idan filastar tana zuba kamar gari in an shafa ta, sai an yi mata fenti tukuna. In an liƙa, a ɗauki cokali a murza da bayansa daga tsakiya zuwa gefe har tef ɗin ya kwanta ya ɗauki zanen bangon. Irin wannan gam da dannawa yake kamawa, kuma yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku kafin ya gama riƙewa. Ku yi aikin bayan sallar Asuba, kafin ƙarfen ya yi zafi.

Kada yaron ya rufe tsagogin da ke gefen injin ta waje, ta nan yake shan iska. Tagar alminiyam mai zamiya ma akwai ƙananan huda a ƙasanta na fitar ruwa, a bar su. Abin da ke lalacewa a irin wannan taga shi ne siririn gashin da ke bin gefen gilashi. Ana sayar da shi mita-mita, a zare tsohon a zura sabo. In kina son sanin inda iska ke shigowa, kunna turaren tsinke ki bi gefen taga da ƙasan ƙofa a hankali, hayaƙin zai nuna miki.

Game da fatura, ba zan yi miki alkawarin adadi ba. Tun Janairun 2018 ana biyan halala 18 (halala ɗari ce riyal ɗaya) a kan kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, ban da haraji. Toshe rata zai sa injin ya riƙa hutawa, amma idan tsoho ne tun na zamanin aurenki, shi ne babban mai cin kuɗin.

Sai kuma wadda ba ki tambaya ba. In ɗaki ya toshe sosai, kada a bar kaskon turaren wuta a ciki a rufe ƙofa a kwanta. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mukayyif kuma kusan duk abin da yake hurawa iskar ɗakin ce yake juyawa. A turara, a fitar da kaskon.

Yayana barka da aiki. Ni harisi ne, wato mai gadi, a wata imara, bene mai hawa tara a Aziziyya, wadda ake saukar da alhazai. Akwai ramuka a kowane hawa inda bututun ruwa da wayoyi suke ratsa dabe. Maigida ya ba ni kuɗi na sayo tef mai hoton harshen wuta a jiki, an rubuta yana jure gobara, ya ce in rufe ramukan da shi kafin Difa'ul Madani, hukumar da ke kula da gobara, su zo dubawa. Ya wadatar? Daga ƙaninka, Makka.

Bai wadatar ba, ƙanena, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka hau tsani.

Abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai kayan da shi kansa ba ya saurin kama wuta, akwai kuma kayan da zai tare wuta ya hana ta ƙetarewa daga hawa zuwa hawa. Rubutun da ke jikin naɗinka, in ma gaskiya ne, a kan na farko yake magana. Alminiyam yana narkewa a digiri 660. A tandar da ake gwada bango da ƙofofi, zafi yana wuce wannan cikin kamar minti goma, kuma in an kai awa guda ya kusa digiri 950. Ka ga ke nan ɗan siririn alminiyam da bai kai kaurin farce ba ya tafi tun ana neman lambar 998 ta masu kashe gobara.

Ga abin da ke faruwa a irin raminku. Bututun roba, irin farin nan na bayan gida, yana laushi da zafi kaɗan, ya lanƙwashe, ya zube. Inda yake a da sai ya zama kafa buɗe, ramin ya koma bututun hayaƙi tun daga ƙasa har hawa na tara. Kuma hayaƙi ne ke kashe yawancin mutane a gobarar gini, suna kan gado, wutar ba ta ma iso su ba. Ka tuna su wa ke kwana a imararku: tsofaffi, sun dawo daga ɗawafi a gajiye, ba su san ina matakala take ba.

Maganin wannan akwai shi, kuma shi ma wani irin tef ne, sai dai ba na baƙala ba. Baƙi ne, mai kauri kamar fata, a cikinsa akwai garafayit, irin baƙin da ke tsakiyar fensir. Ana naɗa shi a wuyan bututun a cikin daben, ko a sa shi cikin zoben ƙarfe a ɗaure da ƙusa a ƙarƙashi. In zafi ya kai wajen digiri 200 sai ya kumbura ninki-ba-ninki, ya matse bututun da ya yi laushi, ya toshe kafar da gawayi. Na taɓa ɗora guntunsa a kan murhun gas don in nuna wa yarana na aiki. Ya riƙa tasowa yana murɗewa kamar tsutsa, har wani ya ja da baya yana a'uziyya. Sauran ratar kuma ana cusa ta da audugar dutse, wadda sai zafi ya haura digiri 1,000 take narkewa, a shafe samanta da man toshiya na gobara. Irin wannan siririn ɗin ne kake gani a gefen ƙofofin matakala, kuma don Allah a daina shafe shi da fenti ko ɓalle shi don ƙofa ta yi tauri.

Kumfar gwangwani da ake fesawa, ta yau da kullum, tana ci da wuta sosai. Ko mai launin ja da ake cewa ta gobara ce, an gwada ta ne a kan wata rata mai iyakantaccen faɗi da zurfi, ba a kan rami mai cin kai ba. Shi ya sa in ka ga an rubuta EI 60 ko EI 120, minti 60 ko 120 ɗin na jure wuta ba na tef ba ne shi kaɗai. Na haɗin ne gaba ɗaya: irin daben, kaurinsa, girman bututun, da yawan naɗin. A canja ɗaya, lissafi ya rushe.

Ƙasar nan ta san darajar wannan magana. Gobarar Mina ta 1997 ta ci alhazai sama da 340, kuma bayanta ne aka kafa tantunan da muke gani yanzu, na zaren gilashi mai rufin Teflon. Dokar gini ta ƙasa ma tana da kundi guda a kan gobara, SBC 801. Saboda haka wannan ba aikin harisi ba ne. Na san wuyar faɗa wa maigida a'a alhali iƙamarka, takardar zamanka, tana hannunsa. Kada ka ce masa ya yi kuskure. Ce masa ka tambaya an ce masu dubawa za su nemi takardar gwajin kayan da ta kamfanin da ya yi aikin, kuma ka tura masa ta waya don ta zauna a rubuce.

Malam, silin ɗin falona yana ɗiga alhali ba a yi ruwa ba, kuma sabbak, mai gyaran famfo, ya ce babu bututun da ya fashe. Ya yi tabo, yana warin fumfuna. Daga wani magidanci, Jidda.

Alhaji, bututun mukayyif ɗinka ne ke zufa, kamar gorar ruwan sanyi a kan tire. Ranar da zafi ya kai digiri 35, danshi kuma kashi 60 cikin ɗari, duk abin da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 26 raɓa za ta sauka a kansa. Bututun da ke cikin silin ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba. Rigar da aka naɗe shi da ita tana aiki ne muddin iskar waje ba ta sami hanyar taɓa ƙarfen ba, kuma tef ne ke tsare bakin kowace gaɓa.

Ni kaina na taɓa jawo wa wani irin wannan. Ina sabon zuwa, ɗan kwangilar da nake yi wa aiki ya kawo mana tef mai araha, muka naɗe bututun wani gida kaf cikin kwana biyu, ko murzawa ba mu yi ba. Da zafi ya zagayo aka kira mu. Na ɗaga allon silin, ruwa ya zubo mini a wuya, audugar rigar ta jiƙe sharkaf kamar soson wanka, tef yana reto. Mai gidan bai zage ni ba, shayi ma ya ba ni, kuma wannan ya fi mini ciwo.

A cire duk rigar da ta jiƙe, domin ba ta komawa daidai. A sa sabuwa, a rufe kowace gaɓa da tef na alminiyam mai faɗi, ya hau kowane gefe sosai, har wurin maratayi da kwana-kwana inda hannu ba ya son shiga. Sannan a duba ko iskar waje tana shigowa cikin silin ta wani rami a bango. In kuma wani ya nuna maka bidiyon Jamus inda ake toshe danshi ta cikin ɗaki, ka tuna su daga ciki danshinsu ke fita zuwa sanyin waje. Namu a Jidda daga teku yake shigowa, don haka ta waje ake tare shi.

Ɗakina na saman bene rufin kwano ne, yana yoyo a inda kwano ya hau kwano. Na sa silikon sau biyu. Daga wani direba, kudancin Jidda.

Malam direba, kwano yana miƙewa da rana ya tsuke da dare, shi ya sa silikon da aka shafa a kan ƙura yake ɓallewa. Nemi tef na butil, mai danƙo kamar cingam. In za ka iya kwance ƙusoshin, sa mai gam fuska biyu a tsakanin kwanukan ka mayar ka ɗaure. In ba za ka iya ba, sa mai bayan alminiyam ta sama, bayan ka kankare tsohon silikon da tsatsa tas. Fara daga ƙasa ka hau sama, na sama ya hau kan na ƙasa, don ruwa ya bi ta kai ya wuce. Butil yana ci da wuta, kada ya kusanci bututun hayaƙin kicin. Ka gama kafin Nuwamba. Ka dai tuna ranar 24 ga Nuwamban 2022, da aka auna ruwan sama milimita 179 cikin awa shida a ɓangarenku. Kuma kada ka hau kwanon nan da silifas bayan ƙarfe tara na safe.