Yadda taurarin cikin wani zane suka tona asirin labarinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yakan raba dare a kan waya, wai shi da wasu mutanen da bai taɓa gani ba suna warware wani zanen barkwanci na intanet. Ni dai hoto kawai nake gani. Da gaske masu zanen suna ɓoye abu a ciki, ko su ne suke ƙaƙaba masa ma'ana? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Duka biyun suna faruwa, amma kada ki yi saurin yanke wa ƙanin naki hukunci. Akwai masu zanen da da gangan suke binne abubuwa, su koma gefe suna kallon masu tono. Bari in ɗauko miki wanda ya fi burge ni.

Wani Ba'amurke mai suna Randall Munroe, wanda ya taɓa aiki da hukumar NASA, yana da jerin zane da ake kira xkcd tun 2005. Mutanen cikin zanensa sirara ne kamar tsinke, kai kamar ƙwallo, ba ido ba baki. A ranar 25 ga Maris, 2013, ya saki zane na 1190 mai suna Time: mace da namiji zaune a bakin ruwa, shi ke nan. Masu karatu suka yi ta neman abin dariyar, babu. Bayan rabin awa sai hoton ya ɗan sauya. Haka ya ci gaba, da farko duk rabin awa, daga baya duk awa ɗaya, har wata huɗu, hotuna sama da 3,000.

To ki duba, babu mahalukin da zai iya zaman gadin hoto dare da rana tsawon wata huɗu. Nan haɗin kan ya samo asali. Idan na Amurka sun yi barci, na Turai da Ostireliya suna farke. Masu ilimin kwamfuta suka rubuta ƴar manhajar da ke adana kowane hoto, suka jera su kamar fim. Wasu kuma aikinsu ɗora sabon hoto a kan na baya, don a ga ɗigon da ya motsa. Da irin wannan bin diddigin aka riƙa auna yadda ruwan da ke gaban mutanen biyu yake hauhawa a hankali, su kuwa suna ta gina gidan yashi.

Inda abin ya yi armashi shi ne da dare ya yi a cikin labarin, taurari suka fito. Ni da ke da mun ce ado ne. Masu sha'awar ilimin taurari kuwa suka ƙara wa hotunan haske, suka gane rukunonin taurarin, sai suka ga ba su zauna daidai inda muka san su ba. Dalili kuwa, duniya tana ɗan layi kamar katantanwar yara idan ta kusa faɗuwa, kuma takan ɗauki kusan shekara 26,000 kafin ta kammala zagaye ɗaya na wannan layin. Taurarin su ma suna gusawa kaɗan-kaɗan. Saboda haka sararin kowane zamani da kamanninsa. Da aka lissafa, sai ga shi labarin yana faruwa ne kimanin shekara 11,000 nan gaba. Har ma jan tauraron nan Antares, na rukunin Kunama, babu shi, alamar ya riga ya fashe.

Wurin ma an gano shi: ƙasan Bahar Rum ne bayan ya ƙafe. Wannan ba ƙagen banza ba ne, domin masana duwatsu sun nuna cewa fiye da shekara miliyan 5 da suka wuce mashigar Jibraltar ta toshe, tekun ya janye ƙwarai, daga baya ruwan Atlantika ya ɓalle ya sake cika shi. Munroe ya ɗauko wannan ne ya kai shi gaba. Ganuwar da mutanen biyu suka isa kuwa, bayan sun bar bakin ruwan sun kama tafiya, ta Château d'If ce, wani tsohon sansani da ke kusa da birnin Marseille a Faransa. Zanen ya ci kyautar Hugo, wadda ake bai wa labaran ƙagen kimiyya, a 2014.

Batun ƙaƙaba ma'ana kuma, e, ana yi sosai. Hasashe da yawa sun zube tun kafin labarin ya ƙare, kuma wani baƙon harshe da aka ƙirƙira a ciki ya gagari jama'a warwarewa gaba ɗaya. Abin da ke raba tsaki da tsakuwa shi ne ko wani zai iya maimaita binciken ya samu amsa iri ɗaya. Lissafin taurarin ya tsaya domin kowa na iya buɗe manhajar taswirar sama ya gwada, kuma da aka kammala, mai zanen da kansa ya fito ya tabbatar da zamanin da wurin.

Don haka ki tambayi ƙanin naki abin da suka gano a makon nan, da yadda suka tabbatar. Idan ya nuna miki hotuna biyu da bambancinsu, aiki suke yi. Raba daren ne dai sai ki ja masa kunne, tunda idan ya kwanta akwai wanda gari ya waye masa a wata ƙasar da zai ci gaba.