Tambaya da Amsa: Turnabis mai dannawa da sauran kayan kafintocin da

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne a Tahoua, kuma tun da na yi ritaya na mayar da zaurena wurin haɗa ƴan kujeru da kantocin littattafai saboda jikoki. A cikin akwatin mahaifina, Allah ya jiƙansa, na tarar da wani turnabis mai ƙotar katako, sandarsa tana da zane a murɗe kamar igiya, an buga masa suna Yankee da lamba 130A. Idan na danna shi sai ya cije a tsakiya. Wani mai gyaran babur ya ce in cika shi da giris. Mene ne asalin wannan abu, kuma yana gyaruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya jiƙan Baba. Kafin komai ina roƙon ka da ka bar maganar giris ɗin nan, domin ita ce za ta ƙarasa abin da shekaru ba su iya ƙarasawa ba.

Abin da ke hannunka turnabis ne, wanda maƙwabtanmu na Nijeriya ke kira sukudireba, amma irin wanda ake dannawa maimakon a murza. Kamfanin North Brothers na birnin Filadelfiya a Amurka ne ya fara fitar da shi da sunan Yankee a ƙarshen ƙarni na 19, sannan a 1946 kamfanin Stanley ya sayi North Brothers ya ci gaba da ƙera shi da wannan suna, har da a masana'antarsa ta Shefil a Ingila. Idan ka goge jikin ƙarfen da kyau za ka ga sunan wanda ya ƙera naka, kuma idan sunan North Brothers ne kaɗai a jiki, babu na Stanley, to yana cikin tsofaffin.

Dubi sandar a wurin haske za ka ga zanen biyu ne suke gittawa juna, ɗaya ya murɗa dama, ɗaya hagu. A cikin bututun akwai ƴan ƙarafa biyu da ke bin waɗannan hanyoyi, shi kuma ɗan maɓallin da ke gefe yana da mazauni uku: ɗaya na ɗaure ƙusa mai zare, ɗaya na kwance ta, na tsakiya kuma yana kulle shi ya zama turnabis na yau da kullum. Idan ka danna ƙota ƙasa, dannawar ce take komawa juyi, sai bakin ya zagaya sau da yawa a dannawa guda. Lamba 130A tana da sifirin a ciki wanda ke mayar da ƙotar sama da kanta, shi ya sa kafintan da ya saba da shi yake iya shigar da ƙusoshin fatar ƙofa cikin ƙanƙanin lokaci ba tare da wuyan hannunsa ya gaji ba.

Cijewar da kake ji, a mafi yawan waɗanda suka ratsa hannuna, tsohon mai ne da ya haɗu da ƙura ya daskare a cikin zanen. Ƙasarmu ƙasar ƙura ce, kuma duk wanda ya ga hunturun Adar ya san yadda take shiga har cikin akwatin da aka rufe. Giris kuwa yana riƙe ƙura, ita kuma ƙurar da ta cakuɗa da shi tana cin ƙarfe kamar sanfefa. Abin da za ka yi shi ne ka buɗe sandar iya tsawonta, ka jiƙa ta da kananzir, ka bi kowane zane da tsohon buroshin haƙori, kana dannawa a hankali kana sake wankewa, har sai baƙin ruwan ya daina fitowa. Bayan ya bushe sai ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu ko uku, ka danna sau goma, sannan ka share duk abin da ya rage a waje da tsumma. Kada ka yi gaggawar kwance cikinsa, domin ƴan ƙarafan da ke ƙarƙashin maɓallin ƙanana ne, idan ɗaya ya faɗa cikin rairayin tsakar gida ya tafi ke nan.

Akwai gargaɗi guda da nake so ka riƙe saboda jikokin nan. Idan an tura sandar ciki an kulle ta da zoben da ke wuyansa, sifirin yana nan a matse, kuma da an saki zoben sandar takan yi tsalle waje da ƙarfi. Kada a taɓa buɗe shi ana kallon bakinsa ko an nuna shi wajen wani. Ni nakan ajiye nawa a buɗe don kada wani ya ɗauka cikin rashin sani.

Maganar bakin turnabis ɗin, wato ƙarfen da ke shiga kan ƙusa, ita ce za ta fi ba ka wahala. Bakunan Yankee suna da gindi zagayayye mai ɗan tsagi a gefe, kuma na 130A kaurinsa kimanin milimita 7 ne, alhali bakunan zamani masu kusurwa shida ne, milimita 6,35. Ana ƙera wani ɗan mahaɗi da ke shiga bakin Yankee ya karɓi na zamani, kuma idan kana da mai zuwa waje ya fi dacewa ka yi sautunsa, ka faɗi lambar turnabis ɗinka don kada a kawo maka na 131A, wanda ya fi kauri. Ina ba ka shawarar ka fi amfani da ƙusa mai kan gicciye, domin a kan mai tsaga ɗaya bakin yakan zame, kuma da yake da nauyin jiki kake dannawa, zamewa ɗaya takan tsaga fuskar katakon da ka yini kana gogewa. A katako mai tauri kamar maɗaci ka fara huda ƴar hanya, ka goga wa ƙusar sabulu ko kyandir.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Yamai, ina koyon aikin katako ranakun hutu. Na ga tsofaffin rabo na ƙarfe, wato abin da ake fere fuskar katako da shi ta yi sumul, a kasuwar Katako, duk sun yi tsatsa. Yaya zan gane wanda ya cancanci saye?

Amsa: Ƙanena, ka je inda ya kamata, kuma kada tsatsa ta tsorata ka, domin a busasshiyar ƙasa irin tamu yawanci a sama take tsayawa. Tsagewa ce abin gudu. Gangar jikin rabo ƙarfen zubi ce, saboda haka ka juya shi ka dubi gefen bakin da wuƙar ke leƙowa, ka dubi kumatunsa biyu, idan ka ga ko siririn layi kamar gashi ka ajiye shi, kada ka yarda da cewa mai walda zai gyara, domin zafin walda yakan karkatar da ƙasan. Ka tafi da ma'auni madaidaici na ƙarfe ka ɗora a ƙasan ka ɗaga sama wajen rana, ka ga ko haske yana ratsawa da yawa. Sannan ka murza ƴar dabarar tagulla da ke bayan wuƙar ka tabbata tana tura ta gaba da baya, ka kuma duba cewa wuƙar tana da sauran tsawo.

Sunayen da za ka iya gani su ne Stanley, wanda ya sayi fasahar maƙerin rabo Leonard Bailey a 1869, da Record na Shefil, wanda ya fara ƙera rabo a 1931 bisa wannan tsari. Lamba 4, mai wuƙa faɗin milimita 50, ita ce ta fi dacewa da mai koyo. Idan kuma ka ci karo da zarto ko rabon katako mai hoton zaki da sunan Peugeot Frères, kada ka yi mamaki: gidan Fijo da muka sani da mota ya fara sarrafa ƙarfe tun 1810, kuma zakin nan a jikin zarto ya fara fitowa kafin ya hau gaban mota. Kayan kamfanin Goldenberg na yankin Alzas a Faransa su ma na kirki ne.

Idan ka saya, ka cire ƙotocin katako, ka jiƙa ƙarfen cikin ruwan binegar dare ɗaya kawai, ka wanke, ka busar nan take, ka shafa mai. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne in ga an kai tsohuwar wuƙa wajen injin wasa wuƙaƙe an danna ta har bakin ya yi shuɗi. Na taɓa riƙe wata da aka yi wa haka, na wasa ta a dutse har tana aske gashin hannu, amma da ta bi katako sau uku sai bakin ya lanƙwashe, domin zafi ya riga ya cire mata taurinta. Ka wasa taka da hannu a kan dutse, kusurwar digiri 25 zuwa 30, ka kuma sa bayanta ya kwanta sumul. Ƙotocin kuwa, da yake sukan bushe su saki lokacin hunturu, ka ƙara matse su kaɗan ka shafa musu kakin zuma. Kada ka sa man gyaɗa, yana yin danƙo.

Tambaya: Tun da akwai injin batir mai ɗaure ƙusa, me ya sa za a wahala da kayan da? Mai karatu daga unguwar Yantala.

Amsa: Malam, wanda sana'arsa ce, mai haɗa gadaje goma a mako, ya sayi injin, ba ni da ja. Amma mai yi don sha'awa, wanda zai ɗauki kayansa sau ɗaya a mako, shi nake ba shawarar ya fara da na hannu. Batir ba ya son zafi irin na watan Afrilu a Yamai, yana raguwa ko ana aiki da shi ko yana ajiye, kuma ranar da ya mutu sau da yawa ba a samun irinsa a kasuwa. Turnabis na hannu kuma yana sanar da tafin hannunka lokacin da ƙusa ta kama, sai ka tsaya kafin ta ci zarenta a katako mai laushi kamar samba, abin da sabon mai riƙe inji yakan gane ne bayan ƙusar ta riga ta fara juyawa a banza.