Tambaya da Amsa: RTX 3060 ko RTX 4060?

Tambaya: Salam Malam, don Allah katin girafik (na'urar da ke sarrafa hoto) nake so in sa wa kwamfutata saboda gem, ƙarfina bai kai na manyan ba, tsakanin RTX 3060 da RTX 4060 wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya in dai a 1080p (wato ingancin hoto na Full HD) kake buga gem to 4060 ya ɗan fi gudu, a 2023 ya fito kuma wat 115 kawai yake ja, shi kuwa 3060 na 2021 har 170 yake sha, ka ga ke nan da 4060 zafi ya ragu, fanka ma ba za ta dame ka da ƙara ba. Ga DLSS 3, fasahar da ke ƙirƙiro ƙarin firem (hotunan da ke fitowa a allo duk daƙiƙa), wanda 3060 ba shi da shi.

Amma fa memorin 4060 giga 8 ne kacal, 3060 na da 12 (akwai wani 3060 ɗin mai 8, kar ka bari a haɗa ka da shi), sababbin gem kuma akwai su da cin memori, kana ƙure ingancin hoto sai ka ga abu na sarƙewa. Ni dai 4060 zan ɗauka in ɗan rage saitin. Ka fara duba furosesarka (ƙwaƙwalwar kwamfutar) tukuna, in tsohuwa ce ita za ta danne katin.