Mutumin da ya ɗauki muryarsa bai taɓa jin ta ba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na ji tambayarka, wai wa ya fara ɗaukar muryar ɗan Adam a duniya, na kuma ga ƙanenmu ya amsa da Edison. To, ba laifi, Edison ɗin Amurka shi ne a 1877 ya yi injin da ke ɗauka ya kuma mayar maka da magana. Amma wallahi akwai wanda ya riga shi, kuma labarinsa na taɓa mini zuciya.

Wani Bafaranshe ne a Paris, Scott de Martinville, aikinsa ɗab'in littattafai. Tun 1857 ya yi rajistar na'urarsa. Ku saurara ku ji yadda take. Mazurari ne babba, a gindinsa an ɗaura tantani kamar fatar ganga, jikin tantanin an maƙala tsinken gashi mai tauri. Sai ya samu takarda ya turara ta da hayaƙin fitila har ta yi baƙi ƙirin, kamar yadda aci-balbal ke ɓata bango, ya naɗe ta a jikin wata ganga da ake juyawa da hannu. In ka yi magana cikin mazurarin, tantani ya girgiza, gashin nan ya dinga zana farin layi mai lanƙwasa a kan baƙin. Shi ke nan fa. Shi a tunaninsa mutane za su koyi karanta zanen nan da ido kamar rubutu. Na'urar ba ta mayar da sauti ko kaɗan.

Ranar 9 ga Afrilu 1860 aka rera wata tsohuwar waƙar Faransa ta farin wata a cikin mazurarin. Takardar ta kwanta a ma'ajiya a Paris shekara 148. Sai a 2008 wasu masu bincike daga Amurka suka gano ta, suka ɗauki hotonta, kwamfuta ta bi layin nan ta mayar da shi murya.

To ga inda abin ya fi ba ni mamaki, Yaya. Da farko sun sa ta da sauri, muryar ta fito siririya, kowa ya ce ai mace ce ko yarinya. Da aka gyara gudun aka rage shi da rabi, sai ga muryar namiji, a hankali, yana jan kowane baƙi, kusan daƙiƙa ashirin. Masu binciken suka ce ga dukkan alamu Scott ɗin ne da kansa.

Bawan Allah nan ya rasu a 1879, bayan ya ga duniya ta ɗauki Edison a ka, har ya rubuta ƙorafi a kan an manta da shi. Na saurari waƙar jiya da dare, ƙara ce da shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, muryar na can ƙasa. Sau uku na maimaita. Ku sa abin kunne in za ku ji, a lasifikar waya ba ta fita sosai.