Kun Tambaya: Bulon ɗin salansa ya cinye, ya ƙi fita

Tambaya: Assalamu alaikum maigida. Ni ɗan kabu-kabu ne nan Maradi, unguwar Zariya. Moto na Kasea ne, kwanan nan ya rage ja, in na ɗauko mutum biyu hanyar Madarunfa sai ya riƙa nishi, anka ce mini ƙila bututun nan na cikin salansa mai rage ƙara ne ya cushe da baƙin hayaƙi. Na zo cire shi in wanke sai ɗan bulon ɗin da ke riƙe da shi ya ƙi motsi, na matsa da kile har kan ya murje ya zama kewaye, yanzu kile zamewa kawai yake. Wani abokina ya ce in huda shi da diril. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abu na farko dai ka aje wannan kile ɗin, don Allah ka aje shi, kowane juyi da kake ƙarawa sauran kan bulon ɗin kake cinyewa. Kuma kar ka bi ta abokinka tukuna, diril shi ne na ƙarshe.

Bulon ɗin wajen nan ƙarami ne, yawanci mai kauri mili 6 ne da kai na lamba 10, kuma kullum cikin wuta yake, ya yi zafi ya huce ya yi zafi ya huce, ga ruwan damina ga ƙura, sai tsatsa ta kama zaren ta haɗe shi da jikin salansa. Shi kuma kile mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kaɗai yake kamawa, balle irin na arha da bakinsa ya riga ya buɗe, shi ya sa kan ya murje.

Ka bari salansa ta huce sarai, ka goge wajen da burushin waya har ka ga ƙarfe, sannan ka fesa WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, in babu ka ɗiga kananzir. Wasu man birki suke sawa, yana shiga amma yana cin fenti, ka lura. Ka ɗan bubbuga kan bulon ɗin da ƙaramar guduma, ba dukan fushi ba, don tsatsar ta tsage mai ya samu hanya, ka bar shi ya kwana. Gaggawa ce ke ɓata wannan aikin wallahi, mutum yana son komawa bakin aiki sai ya karya abu.

Da safe ka nemo soket mai kusurwa shida wanda ya ɗan fi kan ƙanƙanta, tunda 10 ya murje ka gwada 9, ka buga shi da guduma ya shiga dole ya ciji kan. Ka fara ɗan matsawa kamar za ka ɗaure, kaɗan kawai, sannan ka juya hagu a hankali. In ya motsa ko yaya kar ka yi murna ka fizga, ka ƙara mai, gaba baya gaba baya har ya saki. In soket bai kama ba akwai filaya mai kullewa, ko a tsaga kan da zarton ƙarfe a sa babban sukurudireba.

In duk wannan bai yi ba, to ka tafi wajen mai walda, kuma ni a ganina nan ne maganin yake. Zai ɗora sabon noti bisa kan bulon ɗin ya cika ramin tsakiya da walda, ka samu sabon kai kenan, kuma zafin waldan da kansa yana sassauta tsatsa. A ba shi ɗan lokaci jan wutar ya tafi kafin a sa kile. Amma ka kwance salansar gaba ɗaya daga jikin moto ka kai ta a hannu, kar ka yarda a kunna walda kusa da tanki da essence a ciki, ga kuma batir da wayoyin wuta da za su iya lalacewa. Ka ce masa ya rage wuta, ƙarfen salansa siriri ne, da ya yi sakaci ya huda maka ita.

Diril sai in kan ya karye gaba ɗaya. A buga alama daidai tsakiya, a fara da bakin diril mili 3 a ƙare da mili 5 sannan a sake yanka zaren. In hannu ya karkace zaren salansar ne zai tafi. Ƙarfen nan da ake sayarwa na zaro karyayyen bulon ban cika son shi ba a ƙaramin bulon haka, yana karyewa a ciki kuma ya fi bakin diril tauri.

Akwai kuma wanda nashi juyawa yake yi amma ba ya fitowa, wannan zaren ne ya cinye, sai a cusa bakin sukurudireba ƙarƙashin kan ana ɗagawa ana juyawa.

Wajen mayarwa ka sayi sabon bulon, ka shafa giris mai garin jan ƙarfe a ciki in ka samu, kar ka ɗaure shi da ƙarfin tsiya. Kuma ka mayar da bututun bayan ka wanke, na san samarin yanzu cire shi suke don ƙara, su hana unguwa barci. Sannan ka duba filtar iska da buji da kabireta, a irin motonka sun fi salansa kawo rashin ja, musamman lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa.